Gwaggo Yelwa da Burtalin Dugabau

Gwaggo Yelwa ba ta jefa ƙuri'a ko sau ɗaya ba a zamanin gyaɗa, kuma ba ƙi ta yi ba, hana ta aka yi. Waɗanda suka zauna a Ibadan da Legas da Landan suna tsara yadda za a mulki ƙasar nan sun bar matan Kudu sun yi zaɓe, na Arewa kuwa aka ce su dakata tukuna. Ta yi ta dakatawa har kanta ya yi fari fat. Duk da haka, in ka zauna da tsofaffin rugar da ke gefen Dugabau ka tambaye su wanda ya fara ganar da su abin da ake nufi da wakili, ba za su ambaci mai babbar riga ko ɗaya ba. Mai tallan nono za su ambata, su bi ta da addu'a.

A rugar aka haife ta. Mahaifinta ya rasu tana goye, sai ƙanensa Mijinyawa, wanda take kira Bappa, ya ɗauke ta ya haɗa da 'ya'yansa, bai taɓa ware mata ƙwarya daban ba. Ranar da aka kai ta ɗakin mijinta Jalo, Bappa ya ba ta jar karsana daga cikin 'yan shanun da suka rage masa, domin ciwon bushiya ya riga ya cinye masa garke. Bayan bikin ya sayar da sauran, ya koma wajen Masanawa ya kama noman gyaɗa, Allah kuwa ya buɗa masa. Lokaci ne da motoci ke kwasar buhuna zuwa Kano ana tara su dala-dala, duk wanda ke da fili da ƙarfin huɗa sai ya ga kansa a kan sabon keke.

Jalo mutum ne da za ka yini da shi bai haɗa maka magana goma ba. Ya san shanu, ya san daji, ya san kowane kututture daga ruga har rafi. Yelwa kuwa abin da ke cikinta shi ne a bakinta. Matan ruga na tsokanarta wai ita ta kwashe rabon maganar gidan tun ranar da ta tare, takan ce musu ai a ƙasa ta tarar da shi, babu mai so.

Kullum da hantsi takan ɗora ƙwarya bisa gammo ta nufi Kabo, nono a ƙasa, curin man shanu a ƙaramin ƙoƙo a sama. A kan wannan tallan ne, shekara guda kafin babban taron tsarin mulki na Ibadan, ta tarar da maza sun cika gindin durumi. Gwamnati ce ta ce a bi ƙauye-ƙauye a tambayi talakawa irin tsarin mulkin da suke so. Wanda aka turo ya karanta tambayoyin shi ne Malam Bashari, ɗan gidan malamai da ya yi allo ya yi boko, yana aikin rubutu a Gwarzo, inda a wancan lokaci ake yanke al'amuran Kabo. Ba a gayyaci mace ba. Yelwa ta sauke ƙwaryarta a bakin inuwar, don ta san duk inda maza suka daɗe suna gardama sai ƙishi ya kama su.

Malam Bashari ya karanta: a haɗa ƙasa duka a hannun gwamnati ɗaya, ko kowace jiha cikin ukun da ake da su ta riƙe majalisarta? Su wa za su shiga majalisar, ta yaya kuma za a fitar da su? Can wani dattijo ya tambaya ko in gwamnatin ta zama uku, sau uku za a riƙa zuwa karɓar jangali. Aka fashe da dariya, amma kowa ya kasa kunne ya ji amsar. Wani kuma ya ce shi dai a gaya masa mene ne wakili. Malam ya ajiye takardar ya ce masa ya ɗauka cewa mutanen garin nan duka ba za su shiga ɗaki ɗaya ba, to sai su tura mutum guda. Abin da zai faɗa a can ba nasa ba ne, nasu ne. In ya faɗi son ransa, ran da wa'adinsa ya cika su sauke shi su tura wani.

Da aka watse ya zo ya tsuguna gaban ƙwaryarta. Tana dama masa fura ta ce, "Malam, wannan wakilin naku ɗan aike ne ke nan."

Ya ɗan yi tunani, ya ce bai taɓa jin an fassara shi haka ba, amma shi ne. Ta ce to ita ma tana da saƙo, yaushe za ta aika? Ya ce takarda ta ce maza baligai.

"Shi wanda ya rubuta takardar, namiji ne ya haife shi?"

Dariya ta sa fura ta sarƙe shi. Da wani malamin ne, da ya tsawata mata, ko ya ce ta tsaya a kan tallanta, don an sha yi mata hakan. Malam Bashari bai yi ba. Tun daga ranar, duk sanda wata sabuwar takarda ta zo a kan majalisu da zaɓe, in ya shigo Kabo sai ya jingine kekensa kusa da ita ya gaya mata abin da ke ciki, dalla-dalla, yadda zai gaya wa dagaci. Har ta tsufa, in an ambaci sunansa takan ce Allah ya haskaka makwancinsa, shi ne namijin da ya ɗauki kunnenta a bakin kunne.

Shekaru suka tura, gyaɗa na ƙara daraja. Tsakanin rugar da rafin da shanu ke sha akwai burtali, hanyar da aka bar wa dabbobi tsakanin gonaki tun kakanni, faɗinsa taki arba'in. Babu wanda ya tashi rana ɗaya ya sace shi. Huɗa ɗaya-ɗaya aka cinye shi, kowace damina mai gonar dama ya matso kaɗan, mai ta hagu ya ga haka shi ma ya matso. Ba Bappa kaɗai ya ci ba, amma a daidai gonarsa abin ya fi maƙurewa, don shi ke da ɓangarorin biyu. A can, shanu biyu ba sa jerawa. In ɗaya ta miƙa wuya ta figi ganye, ranar yini ake ana sa-in-sa. An kai kuka wurin manya har sau biyu, aka ce an ji.

Da kaka ta yi a shekara ta shida bayan taron durumi, Ardo Ya'u, shugaban rugar, ya tara maza ya ce shi ya gama magana. In damina mai zuwa ta tarar da burtalin haka, za su tashi su yi kudu. Yelwa ta ji a bakin mijinta, a guntun zance kamar yadda ya saba. Tashi a wurinta na nufin barin kabarin uwarta, da kasuwar da ta san kowace ƙofa a cikinta, da Bappan da ya rene ta. Shi kansa wanda ya toshe hanyar ba ta son yin nisa da shi.

Ana cikin haka Malam Bashari ya zo mata da labari. Majalisar gunduma da ke zama a Gwarzo za a shigar da zaɓaɓɓu cikinta, an haɗa unguwannin wajen Dugabau da na Masanawa an ba su kujera ɗaya. Ta tambaye shi me majalisar ke dubawa. Ya lissafa mata rijiyoyi, kasuwanni, hanyoyi. Ta ce har hanyar shanu? Ya ce in an sami mai tayar da maganar a ciki. Ranar ba ta ƙarasa sayar da nononta ba, ta juya gida ta miƙe wurin Ardo.

Mutanen ruga suka tsayar da Jalo, don babu wanda ya kai shi sanin tsohuwar iyaka. Manoman gyaɗa kuwa suka tsayar da Mijinyawa, wato Bappa. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin abin da hakan ke nufi, har ita Yelwa. Shekara goma sha bakwai da aurensu, Jalo bai taɓa cin abinci a gaban surukinsa ba, bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa tsayawa a tsaye a inda yake bisa raɗin kansa ba. In ya hango shi a hanya sai ya ratse ya cire takalmi ya tsuguna har ya wuce. Haka aka tarbiyyantar da su, kuma ba abin aibu ba ne. Sai dai masu tsara zaɓe ba su san da wannan ba, kuma ba su tambaya ba.

Ranar zaɓe da safe aka taru a filin Kabo. Wani malami aka turo daga Kano, mai agogo a hannu, yana ta dubawa. Ya bayyana ƙa'ida: 'yan takara su tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowa ya bi bayan wanda yake so, a ƙirga. Bappa ya fito ya tsaya. Aka kira Jalo. Ya taho, ya ɗaga ido ya ga wanda ke tsaye, sai ya tuɓe takalmi ya koma can gefe ya tsuguna, kai a ƙasa. Mutanensa da suka ga ya tsuguna, su ma suka zube a bayansa. Wasu kuma suka ga bai kamata su wuce dattijo ba su gaishe shi ba, suka je, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aka ji da kaka, suna cikin gaisuwar malamin ya bi layi ya ƙirga da su.

Yelwa na bakin fili da ƙwaryarta, tana kallon burtali na fita daga hannunsu ba tare da an yi musu ƙarfi ba. Manoman gyaɗa har sun fara tsiya, wani na cewa ɗan takarar ruga ya zo tatsa ne ba zaɓe ba. Malamin Kano ya ce shi wanda ke tsaye yake ƙirga wa, tunda ɗayan ya janye an gama. Malam Bashari, da aka haɗa su aikin tare, ya nuna masa a takarda cewa janyewa sai mutum ya faɗa da bakinsa. Aka je kan Jalo, ka janye? Shiru. Kana nan? Shiru. Yadda ba zai tsaya a gaban surukinsa ba, haka ba zai ɗaga murya ba. Malamin ya duba agogo, ya yi tsaki, ya ce a je a yi azahar, in an dawo mutumin nan bai miƙe ba zai rubuta abin da ya gani.

Ba ta je wurin mijinta ba. Ta san in ta yini tana yi masa faɗa ba zai ce mata komai ba, kuma ba zai tashi ba. Ardo Ya'u ta nufa, ta durƙusa, ta gaishe shi a gurguje, ta tuna masa shekara uku baya da ƙanwar shi Ardon ta rasu, wa ya tura Masanawa ya sanar da Bappa? Ya ce Jalo. Ta ce a tsugune ya faɗa, ko ya kasa? Ardo ya ce a'a, a ƙofar zaure ya tsaya ya faɗa ya juyo, ai aike ne, bakin wanda ya aiko ne ba nasa ba.

"To, Baba, ku aike shi mana. Kun ce masa ya tsaya, ba ku ce kun aike shi ba. Malam ya ce shi wakili ɗan aike ne, da kunnena na ji. Ka ba shi sandarka kamar yadda ka ba shi ran nan."

Ardo ya kalle ta. Ya ce shekara nawa tana riƙe da wannan magana ba ta kawo ba? Ta ce da an bar mata sun zauna inda ake shawara da tuni sun ji. Ya kira dattawa huɗu, suka sa Jalo a tsakiya a bayan masallaci, kowannensu ya ce mun aike ka, ka je ka tsaya, in ka ci ka kai maganar burtali Gwarzo. Ardo ya miƙa masa sanda. Jalo ya karɓa da hannu biyu ya ce in aike ne ba shi da ta cewa.

Saura ɗaya, kuma shi ya fi yi mata nauyi. Ba ta yarda Bappa ya fara ganin abin a bainar jama'a ba. Ta same shi a zauren wani abokinsa yana shirin alwala, ta zube a bakin ƙofa ta gaya masa duk abin da aka shirya, ba ta rage komai ba. Ya ajiye buta.

"Wannan ba kan Ya'u ba ne, ba kuma na mijinki ba. Ke ce."

"Ni ce, Bappa."

Ya ce shi ya goya ta, shi ya aurar da ita, yau ita ce za ta miƙar da mijinta a kansa a gaban mutanen Kabo. Ta ce ko ɗaya ba ta manta ba, kuma ba za ta manta ba har ta shiga ƙasa. Ta ce jar karsanar da ya ba ta yanzu zuri'arta goma sha ɗaya, kyautarsa ce, ya gaya mata ta inda za su bi su sha ruwa. In kuma ya fi son ta kora su kudu ya daina ganinta, ya faɗa, ta ji daga bakinsa.

Bai faɗa ba. Ya ɗauki butarsa ya ce, "Tashi ki ba ni wuri, uwar iyayi. Ni dai ba zan janye ba."

Ta ce ba ta zo roƙon ya janye ba.

Bayan azahar aka sake taruwa. Jalo ya taho ba takalmi, sanda a hannu, gumi na zuba, ya tsaya taki ɗaya a bayan surukinsa. Ya ce, "Baba, aiko ni aka yi."

Bappa bai waiwaya ba. Ya ce, "Na ga sandar. Matso ka tsaya daidai, kada a ce na tsorata ka."

Wannan kalma ce ta warware komai, kuma har yau rugar na gode masa a kanta. Da ya haɗe rai ya yi shiru, da rabin mutanen ruga ba su iya bin layi ba. Ardo ya bi yana gargaɗi cewa duk mai gaisuwa ya riƙe ta sai an gama. Aka jeru, aka ƙirga, aka sake ƙirgawa don manoman gyaɗa sun ce ba su yarda ba. Jalo ya ɗara da mutum huɗu. Wasu ƙananan manoma ma bayansa suka bi, don su ma suna da 'yan awaki da jakuna, kuma sun gaji da rigima.

Cin zaɓe bai buɗe burtali ba. Wata huɗu Jalo na zuwa Gwarzo a ƙasa yana dawowa bai buɗe baki ba, don kowane zama akwai wanda ya girme shi yana magana. Yelwa ba ta tsangwame shi ba. Kowace safiyar zama dai sai ta aika a karɓo sandar Ardo ta jingine masa a bakin ɗaki. A zama na biyar ya miƙe. Malam Bashari, wanda ke rubuta abin da aka faɗa, ya ba ta labari cewa mijinta ya lissafa iyakar tun daga tsamiyar ruga har gawon bakin rafi, kututture bayan kututture, da sunan wanda ya sare kowanne. Da ya gama ya ce saƙon ke nan, ya zauna.

Majalisa ta tura mutane da igiyar awo. Ba a maido taki arba'in ba, don an ce gyaɗa ma abincin mutane ce. Ashirin da biyar aka yanke, aka ce a dasa aguwa a gefe biyu yadda ba mai sake matsowa. Bappa ya rasa huɗa tara a dama, bakwai a hagu. Ya yi shekara guda yana maido mata da man shanun da take aika masa, ita kuma ba ta fasa aikawa ba, sai a ta biyu ya riƙe ƙoƙon ya aiko a ce mata gishiri ya yi kaɗan. Takardar da aka rubuta hukuncin a ciki tana ɗauke da sunan Jalo, da na Ardo, da na masu igiya, har da na wanda ya riƙe musu ƙarshen igiyar. Sunan Yelwa babu. Abin haushi ne, kuma ba ita kaɗai aka yi wa haka ba a tarihin majalisun ƙasar nan. Ita dai da aka karanta mata, abin da ta tambaya kawai shi ne ko an rubuta ashirin da biyar ɗin da kyau, yadda wani ba zai zo ya goge ba.

A daminar da ta biyo bayan hukuncin, ruwan farko ya sauka, aguwa ta kama. Ardo Ya'u ya ce maganar kudu ta mutu. Ranar da aka fara kora shanu ta sabon burtalin, rugar duka ta fito, mata da tsofaffi, Yelwa a gaba ta ajiye talla. Shanun suka zo daidai gonar Bappa, ga fili shimfiɗe dama da hagu, sai suka rage tafiya suka jeru ɗaya bayan ɗaya a tsakiya, kowace ta matse jikinta kamar yadda suka saba shekara da shekaru. Makiyaya suka yi ta kiransu, ko ɗaya ba ta ratse ba. Yelwa ta karɓi tsumagiya ta shiga tsakiyarsu tana tura wannan dama, waccan hagu, tana ce musu su baje, an ba su, a rubuce yake. Sai da aka yi kwana uku ana haka kafin su yarda su taka gefen.